Yadda Langata Ta Dawo Cike a Masar

Tun da na dawo ba a bar ni na sha iska ba. A gidan suna tambaya, a bakin rijiya tambaya, har a zaman makoki an sami wadda ta matso ta raɗa mini, "Inna Dije, wai da gaske yanke masa ciki aka yi aka zubar?" Na gaji da maimaitawa, kowacce kuma in ta ɗauka sai ta ƙara nata gishirin. Shi ya sa na zaunar da Malama Zinatu ta makarantar matan aure, ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce in ta gama ta karanta mini, don in ji ko ta yi mini ƙari. Wadda ta sake tambayata, a miƙa mata takarda.

Wanda na raka ɗan farina ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, a nan ma Mai Hatsi zan ce, yadda ake kiransa a kasuwar Ɗambatta. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, kamar yadda ake yi, ban taɓa tsayawa na dube shi ido da ido na yi masa magana ba. In magana ta kama, ƙanensa Sabitu ne ke kaiwa ya kawo. Abu ɗaya ne ban taɓa fasawa ba: kullum bayan magariba kwanon tuwona yana zuwa inda yake. Yana yaro haka, ya yi aure haka, ya tara iyali haka.

Jikinsa kuwa kun gani da idonku. Ya kai sai a kan kujera yake salla, goshinsa ya manta da ƙasa. Ga suga, ga hawan jini, in ya taka daga zaure zuwa mota sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi huɗa. Likitan Kano bai ɓoye wa Sabitu ba, ya ce in ba a yi wani abu ba zuciyar ba za ta kai shi nesa ba. Ni na binne miji, na binne iyaye. Ban shirya zama a tabarma ana yi mini gaisuwar wanda na haifa ba.

Aka ce a Masar ana tiyatar rage tumbi, amma asibitin ya ce sai an zo da wani na gida mai hannu a abincinsa. Matarsa Rabi tana wankan jego. Sabitu ga kakar hatsi ta kama, ga rumfar kasuwa. Ni ce mai fasfo tun na aikin Hajji. Na ce to. Dama ina da ra'ayina a kan Rabi, za ku ji shi a gaba.

Sabitu ne ya ja mu. Shi Mai Hatsi yana gaba, an tura kujerarsa baya har ta danne mini gwiwa. A hanyar nan na fara gane girman abin. Daga ƙauyenmu zuwa bayan Ɗambatta babu mai wuta a bakin titi da bai san motar nan ba. Mai tsire ya ɗaga wuƙa, "Alhaji, yau babu?" Mai fura ta taso da ƙwarya tana gudu. Wani mai balangu har da dafa ƙirji, kamar an yi masa rasuwa. Na ga hannu yana lallaɓawa wajen maɓallin gilashi.

Na ce, "Sabitu, ka gaya wa na kusa da kai, in gilashin nan ya sauka ni ma zan sauka."

Sabitu ya ce, "Yaya, ka ji."

Ya ce, "Iska kawai nake so."

Na ce, "Ka gaya masa iskar nan ƙuli-ƙuli ne da yaji a cikinta."

A filin jirgin Kano aka tsayar da Sabitu a ƙofa, sai a lokacin na tuna ba mu da ɗan aike. Muka tsaya ni da shi kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Na dubi rufin ginin na ce, "Ana iya ɗaukar jakar nan." Shi ma ya dubi bango ya ce, "An ɗauka." Da haka muka samo hanyar da muka bi har Masar: ni in gaya wa sama, shi ya amsa wa bango.

Jami'in da ke buga hatimi a fasfo ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa kike rakawa?"

Na nuna da haɓa.

"Sunansa?"

Na ce, "Ba ga shi a rubuce a hannunka ba? Kai da iyayenka suka sa a boko?"

Ya dubi fasfo, ya dube shi, ya kwashe da dariya. "Ɗan fari ke nan. Wuce, Inna, Allah ya ba da lafiya." Ɗan mutunci ne, an yi masa tarbiyya.

A cikin jirgi ɗamarar kujera ta ƙi zagaye shi, sai da ma'aikaciya ta kawo wata aka yi mata jona. Ya sunkuyar da kai, ni kuma na ga abin kallo a taga. Da aka kawo abinci a 'yan farantai na karɓi nawa na karɓi nasa, na miƙa wa wata mai 'ya'ya a bayanmu. Na ji an yi ajiyar zuciya a gefena. Na ce wa kujerar gabana, "Ba a mutuwa kafin a sauka."

A Alƙahira kuwa ba su san ɗan fari ba, kuma ba su san daddawa ba. Suka sako wani kare ya bi kaya yana shinshina, ya zo kan jakata ya zauna. Kare, a kan jakar da sallayata take! Aka buɗe. Garin tuwo, kuka, kuɓewa busasshiya, man shanu a gora, muciya, da langata mai murfi. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya har ya taka karen. Ya kira wani, shi ma ya shinshina, ya kira na uku. Mai Hatsi yana ta yi musu Larabcin Hajji, yana nuna baki yana nuna tukunya da hannu. Daga ƙarshe suka ɗaure mini abata da hannu biyu suka ce in tafi, da alama don su huta. Amma da suka juya kan jakarsa, sai ga kilishi shimfiɗe a cikin ninkin babbar riga, falle a kan falle, an jera shi kamar takardun gona. Suka kwashe. Na dubi fitilar sama na ce, "An ji kunya." Aka ce wa bango, "Tsaraba ce."

Wadda ta tarbe mu Hajiya Falmata ce. Iyayenta Barebari ne da suka daɗe a cikin Kano, aure ya kai ta can, tana saukar da marasa lafiya 'yan ƙasarmu tana yi musu tafinta. Mace ce mai baki, ba ta jiran a tambaye ta. Masaukin yana can saman wani dogon bene, ana shiga wani akwatin ƙarfe ya ɗaga mutum. Ranar farko muka shiga mu uku, akwatin ya yi ƙara ya ƙi tashi. Falmata ta ce, "Alhaji, kai da shi sai kun yi shawara." Tun daga ranar shi kaɗai yake hawa, mu mu bi sawu na biyu.

Mutanen ƙasar ba su da laifi, sai hayaniya. In biyu suna gaisawa ka ce gado suke rabawa. Gurasa ita ce tuwonsu, a kan katako ake ɗauko ta a ka, mutum yana tuƙa keke a tsakiyar motoci. Da safe wake, da rana wake. Akwai wani abincinsu da ake zuba shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta rasa wanda za ta dafa. Shayinsu kuwa sukari ne aka ɗiga wa ruwa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suke da iyayensu mata. A asibiti na ga ƙato da gemu, ya isa aurar da 'ya, uwarsa ta kama kumatunsa tana sumbata tana kiran sunansa da ƙarfi a gaban jama'a, shi kuma yana sumbatar hannunta. Na kau da kai. Na sake dubawa dai, don in tabbatar da rashin kunyar.

Likitan tiyata ya auna shi ya ce ba za a taɓa shi ba sai ya sauke wani abu daga nauyinsa tukuna. Daga yau babu abin tauna, sai romo tsararo da wata madara ta gwangwani. Sannan ya ce akwai wata likita da zai riƙa gani, ita ba ta allura ba ta ba da ƙwaya, magana kawai take yi, kuma in ba ta yarda ba babu tiyata. Na tambayi Falmata wace irin likita ce wannan. Ta ce ta masu jarabar ci ce, waɗanda abinci ya zame musu kamar sigari ga mashayi. Na ce a garinmu mai wannan aikin sunanta uwa, kuma ba a biyanta.

Ya riƙa zuwa. Wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci a haɗa su da wasu masu jiki irin nasa su zauna a da'ira, kowa yana faɗin abin da ya ci a ɓoye. Ni ina waje a kan benci ina lura da mai shiga da mai fita.

A masauki kuwa na kafa tsaro. Na ajiye kujera a bakin ƙofa, ko leda ce ta shigo sai na buɗe. Amma mutanen nan suna da wata ɗabi'a: mace tana saman bene sai ta zuro kwando da igiya ta taga, mai kanti ya saka mata kaya ta janye. Wata rana da la'asar ina shan iska a tagar ɗakina, sai na ga kwando yana hawa a hankali, yana juyi, yana ƙamshin nama. Na bi igiyar da ido, sai na ga ta shige tagar da ke maƙwabtaka da tawa. Na ɗauko muciya na maƙalo igiyar na jawo. Gurasa ce an naɗe nama a ciki, har guda huɗu. Can na ji ana jan igiya, ana jan igiya. Na ɗaura goran ruwa a kwandon na sake shi. Na ce wa titi, "A sha lafiya."

To a nan ne za ku ce na yi abin da na yi, ni kuma har gobe ban ga laifina ba. Na hana shi abincin titi, na hana shi na kanti. Amma mutum ya wuni a kan romo kamar mai jinyar haƙori? Tuwon gida ai ba shi ne ke kashe mutane ba, da shi aka rene mu duka. Kullum bayan magariba sai in tuƙa ɗan tuwo a kicin ɗin Falmata in tana wajen wasu baƙin, in zuba a langa, in ajiye a ƙofar ɗakinsa in ce wa ƙofar, "An ajiye." Da safe in tarar da langa a wanke tas. Na ce a raina, ka gani, yunwa ce. Washegari na ƙara malmala ɗaya.

Ranar awo aka hau sikeli. Likitan ya duba, ya sa aka sauka aka sake hawa. Maimakon a ragu, an ƙaru. Ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, ba dariya. Falmata ta ce, "Ya ce ba zai sa wuƙa a cikin mutumin da bai iya riƙe bakinsa ba, don bayan tiyata tumbin zai koma kamar ɗan kofin shayi, in aka cusa masa abinci ɗinkin zai iya yagewa, mutum ya tafi. Ya ba da dama ɗaya. In awo na gaba bai sauka ba, ku koma gida yadda kuka zo."

Na ce, "Ki gaya masa ni na tsare ƙofa na tsare taga. Sai dai in sikelinsu ne."

Sai likitar magana ta ce a shigo da ni.

'Yar siririya ce, ba ta kai Rabi shekaru ba, da ɗan littafi a cinya. Ta sa kujeru biyu suna kallon juna, shi a ɗaya, ni a ɗaya. Na ɗaga tawa na juya ta wajen taga. Ta tambayi Falmata ko muna faɗa ne. Falmata ta yi mata bayanin ɗan fari. Likitar ta ce a maimaita mata. Aka maimaita. Ta ce, shekara nawa? Aka ce tun yaye. Ta ajiye alƙalaminta.

Ta tambaye shi me ya ci jiya. Ya ce romo. Ta kafe shi da ido. Matar nan ta iya kallo, na ba ta wannan. Can ya ce, "Da tuwo."

Falmata ta ce, "Tuwo? A Masar? A ina ka..." Sai ta juyo ta dube ni. "Inna! Shi ya sa gas ɗina yake ƙarewa!"

Na ce, "Ki gaya wa likita yunwa yake ji. Kullum langa a wanke take dawowa. Mai ƙoshi yana rage loma."

Ya ce, "Hajiya Falmata, ki gaya wa Inna ba yunwa ba ce."

Falmata ta ce, "Inna, ya ce ba yunwa ba ce."

"Ki tambaye shi, in ba yunwa ba mece ce?"

"Alhaji, in ba yunwa ba mece ce?"

Likitar ta tsayar da ita, ta ce wane yare take fassarawa zuwa wane. Falmata ta ce Hausa zuwa Hausa. Ta ce tunda take tafinta ba ta taɓa aiki mai sauƙi da wahala irin wannan ba.

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Ki gaya mata, kwanon Inna ne. Ta yaya zan mayar da kwanon Inna da saura? Tun ina ɗakin kaka, shi ne kaɗai abin da ke zuwa mini daga wajenta. In na rage, kamar na ce ba na so ne. Ko na ci a kasuwa, ko na ci na Rabi, in ya zo sai na cinye, in sa a wanke."

Na ce wa taga, "Na Rabi? Rabi tana ba shi abinci?"

Ya ce, "Ki gaya mata Rabi ta fi kowa iya girki a unguwarmu."

Jama'a, shekara da shekaru ina kallon yarinyar nan a matsayin wadda ke barin miji da yunwa. Ina ganin kwano yana dawowa kamar an lashe, na bar tasa na koma kwano, na bar kwano na koma langa, da azumi har samira nake aikawa. Ina ƙarawa don yana cinyewa, yana cinyewa don na aiko. Falmata ta fassara wa likita, ita kanta tana dariya tana share ido.

Na ce, "Ki gaya masa, mutum da bakinsa, me ya hana shi faɗa?"

Ya ce, "Ki tambaye ta, wa zan faɗa wa?"

Akwai wata tantabara a bakin tagar, ita na tsaya kallo.

Likitar ba ta ɗora mini duka ba, kuma da ta ɗora da ban karɓa ba. Ta sa ya faɗi sauran da bakinsa. Ashe in farashin hatsi ya faɗi, wajen mai tsire yake zuwa. In ya tashi, can yake zuwa murna. In an ɓata masa rai, ya rufe gilashin mota ya ci shi kaɗai har sai ya daina jin komai, sannan ya ji kunya, kunyar ma ya bi ta da fura. Ya ce wani rami ne a ƙirji, ba a ciki ba. Ban taɓa jin muryarsa ta yi tsawo haka ba. Ashe yana da 'yar in'ina in ransa ya ɓaci, irin ta mahaifinsa.

Likitar ta ce wuƙa tumbi take ragewa, ba ta taɓa wannan ramin. Shi zai ci gaba da zuwa wajenta, in mun koma ma za su riƙa magana ta waya. Ni kuma ta ce abu mai sauƙi take so: in daina aika tuwo, in dube shi in gaya masa da baki cewa ina ƙaunarsa.

Na ce, "Falmata, ki gaya mata ta nemi wani abin. Ni ba matar cikin asibitin nan ba ce mai lashe kumatun ƙato."

Sai ta koma kansa. Ta jawo kujera babu kowa a kai, ta ce ya ɗauka ni ce na miƙo masa kwano, ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Ƙato guda yana gaya wa kujera ya ƙoshi. Ya faɗa, ta ce ya ƙara, ya ƙara. Ta yi murna ƙwarai.

A hanyar komawa na ce wa Falmata, "Kujera ba ta ƙamshi. Kowa ma zai iya ƙin kujera."

Ta ce, "Inna, me kike shiryawa?"

Na ce, "Gobe in mun koma gida, duk wadda ta zo dubiya da kwano za ta zo. In bai iya mayar da nawa ba, na wa zai mayar? Yau zan tuƙa in ajiye masa, gara in sani tun ba a yanka shi ba."

Ta kira likitar a waya ta gaya mata. Suka daɗe suna Larabci. Falmata ta ce, "Ta ce ba haka ake yi a littafi ba. Amma ta ce a gaya masa tukuna, kada a yi masa tarko, kuma in zauna kusa." Aka gaya masa. Aka ce wa bango, "An ji."

Ranar na yi tuwon da ban taɓa yin irinsa ba tun ina amarya. Miyar kuka ta ji daddawa, na kwarara man shanu har yana kwanciya a kai. Ƙamshi ya cika benen, wata maƙwabciya har ta buɗe ƙofa tana toshe hanci, ita ta sani. Bayan magariba na ajiye langa a ƙofarsa na ce, "An ajiye." Ƙofa ta buɗe, langa ta shige. Na zauna a kujerata ta tsaro da carbi. Falmata tana gefe tana cin farce.

Na ji an ɗaga murfi. Kunnena bai tsufa ba, na san ƙarar murfin langata. Sai shiru. Na ja carbi ya zagayo, na sake ja. A raina ina cewa, cinye mana, ai naka ne. Wata zuciyar tana cewa, in ka taɓa shi ka kashe ni. Ban taɓa zama ina roƙon Allah a ƙi abincina ba sai ranar.

Har aka kira isha. Sannan ƙofa ta buɗe, aka turo langa waje a hankali. Na ɗaga, da nauyinta. Na buɗe: malmala uku, ko yatsa ba a sa ba, man shanun ya daskare a kai. A kan murfin kuma an ɗora goro ɗaya fari, irin wanda nake ci.

Daga cikin ɗaki aka ce, da 'yar in'inar nan, "An gode. An ƙoshi."

Na ɗauki goron na ƙulle a bakin mayafi. Na ce wa ƙofar, "An kyauta." Falmata ta fashe da kuka kamar ita aka yi wa, sannan ta zauna ta cinye malmala biyu.

Haka muka yi kullum har ranar awo. Langa ta shiga cike, ta fito cike, da goro a kai. Falmata ta yi ƙiba. Sikeli ya sauka, likitar magana ta yarda, aka sa rana. Da za a tura shi ɗakin tiyata a kan gado mai taya, ya dubi silin ya ce, "A yafe mini." Na dubi silin ɗin ni ma na ce, "Babu abin yafewa. A dawo." Aka dawo. Ba yanke cikin aka yi aka zubar ba, ke mai tambaya a gidan makoki. 'Yan ƙofofi aka huda, aka rage tumbin ta ciki, ko ɗinkin kirki babu.

Da muka iso gida abin da na faɗa ya faru. Kwanuka suka yi layi a zaure: farfesu, dambu, funkaso, waina. Na sa kujera a ƙofar gidansa na zama kwastan, har na fi na Masar, don ni ba na bukatar kare. Wadda ta ji haushi na mayar da kwanonta, ta yi haƙuri, ga dalili ta ji. Mai tsiren Ɗambatta ma ya zo dubiya da ƙunshi a hannu, na ce ya shiga shi kaɗai, ƙunshin ya jira shi a waje. Rabi kuwa na kawo mata mayafi mafi tsada a cikin tsarabata. Ta yi ta juya shi tana kallona, tana neman dalili. Ba ta samu ba, kuma ba za ta samu ba.

Ba a warke gaba ɗaya ba, kada ku ɗauka. Har yanzu yana shiga mota ya rufe gilashi, amma yanzu da waya yake shiga, ya yi magana da likitarsa, Falmata tana tsakiya. Sabitu ya ce akwai ranar da suka wuce mai balangu ya ga idon yayansa ya kawo ruwa. Amma ran Juma'ar da ta wuce Sabitu ya shigo ya ce mini, "Inna, yau Yaya ya kai goshi ƙasa." Na ce to, dama can wajensa ke nan.

Kwano kuwa ban daina aikawa ba, kuma ba zan daina ba. Sai dai na sauke langa. Na buɗe ƙasan adakata na ɗauko 'yar tasar da na fara aika masa da ita ɗakin kakarsa, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Kada wadda ta ce ajiye ta na yi don wani abu. Tasa ce ta da, mai ƙwari, ba irin na yanzu ba. Loma uku take ci. Ya ci biyu, ya bar ɗaya, ya ɗora goro.

Shekaranjiya Sabitu ya dawo da ita yana ta murmushi. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya ya ce a gaya miki, wai gishiri ya ɗan yi yawa."

Shekara arba'in da wani abu ina aika wa mutumin nan tuwo, bai taɓa cewa komai a kai ba, sai yanzu ya sami baki. Na ce, "Ka koma ka gaya masa bakinsa ne, miyata lafiyarta ƙalau."

Na ɗanɗana lomar da ya rage bayan Sabitu ya fita. Jiya na rage gishirin.